Mazaunin Mariƙi a Yatsa: Nazari kan Zobban Riƙe Biro da Ƙananan Kayan Aiki

Tsakure

Mariƙin yatsa zobe ne na roba, fata ko ƙarfe da ake sawa a yatsa domin ya riƙe biro, allura ko wani ƙaramin abin aiki kusa da hannu. Wannan maƙala ta duba tarihin irin waɗannan zobba tare da abin da masana ƙirar hannu suka tabbatar, ta kuma nuna cewa amfanin mariƙi ya rataya ne a kan wurin da ya zauna: wane hannu, wane yatsa, wace gaɓa. Nauyinsa da abin da aka ƙera shi da shi duk a baya suke biyowa.

Gabatarwa

Duk mai sana'ar da ke ɗaukar alƙalami yana ajiyewa tun safe har yamma ya san wahalar nemansa. Kafinta yakan saƙala fensir a kunne, tela ya kafa allura a gaban rigarsa ko ya riƙe ta da leɓe, ɗan kasuwa ya cusa biro a gefen hula, mai shagon cirar kuɗi kuma ya ɗaure nasa da zare a jikin tebur. Bukatar ɗaya ce: abin aiki ya kasance inda hannu zai same shi ba tare da ido ya bar kan aiki ba. Mariƙin yatsa yana biyan wannan bukata ta hanyar mayar da yatsan kansa ma'aji.

Tun daga farko akwai bukatar a raba abubuwa biyu da masu talla sukan haɗe. Akwai mariƙin ajiya, wanda biro ke zaune a cikinsa lokacin da ba a rubutu. Akwai kuma mariƙin aiki, wanda ke riƙe biro yayin da ake rubutun, a madadin yatsun da suka gaza. Kamanninsu na iya zuwa ɗaya, amma abin da kowanne ke nema daga hannu ya sha bamban, kuma yawancin ruɗanin da ke cikin wannan fage daga haɗe su ya samo asali.

Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Likitan Italiya Bernardino Ramazzini, wanda ya wallafa littafinsa kan cututtukan masu sana'a a 1700 ya kuma faɗaɗa shi a 1713, ya bayyana yadda hannun magatakarda ke gajiya har ya sanƙare saboda yawan rubutu. A ƙarni na 19, da ofisoshi suka cika da akawu a Ingila da Jamus, wannan ciwo ya zama abin damuwa, maƙera da likitoci suka shiga ƙirƙiro na'urori iri-iri. Wadda ta fi shahara ita ce munduwar da likitan tiyata na birnin Munik, Johann Nepomuk von Nussbaum, ya gabatar a 1882. Ana zura yatsu a cikinta, a ɗaure alƙalami a samanta, kuma ba ta zama daram sai mai rubutu ya ware yatsunsa. Tunanin Nussbaum shi ne a hutar da tsokokin da ke dunƙule hannu, a sa masu buɗe shi aiki.

Dabarar ta yi kyau, amma fassarar da aka yi mata ta jawo kuskuren da har yau bai mutu ba, wato ɗaukar cewa abin da aka sa a yatsa yana warkar da hannu. A 1982 Sheehy da Marsden suka nuna cewa sanƙarewar hannun marubuci nau'i ce ta murɗewar tsoka wadda tushenta ke cikin yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa motsi. Idan haka ne, na'ura tana iya kewaye matsalar ta hanyar sauya tsokokin da ake amfani da su, amma tushen ciwon yana nan inda yake.

Irin wannan iƙirari ya sake fitowa a wata riga, wannan karon a kan yara. Ana sayar wa iyaye zobba da robobin da aka ce suna gyara riƙon fensir, bisa zaton cewa riƙo ɗaya ne kaɗai daidai, wato na yatsu uku: babban yatsa, manuni da na tsakiya. Binciken Heidi Schwellnus da abokan aikinta a Kanada, wanda aka wallafa a 2012 kan yaran aji huɗu, bai ga bambancin a-zo-a-gani ba a saurin rubutu ko kyansa tsakanin nau'o'in riƙon da yara suka saba da su. Yaron da ke rubutu lafiya da yatsu huɗu ba shi da abin da zobe zai gyara masa. Wannan nazari bai yarda da masu wancan iƙirari ba ko kaɗan, domin kuɗin da uba ya kashe a kan roba, da an sayi takarda da shi da ya fi amfani.

A ɗaya ɓangaren akwai magada Frank da Lillian Gilbreth, waɗanda a farkon ƙarni na 20 suka rarraba aikin hannu zuwa ƙananan motsi kamar nema, miƙa hannu, kamawa da saki. Irin lissafinsu ya nuna gaskiya cewa mariƙi yana kawar da nema, sai dai bai ƙidaya abin da yatsan da aka ɗora wa kaya ya rasa ba.

Hanyar Bincike

An tattara misalan kayan aikin da ake sawa a yatsa waɗanda suka daɗe a hannun masu sana'a, aka duba mazaunin kowanne. An auna wannan da sanannun bayanai kan ƙirar hannu, sannan aka yi lissafin juyawar sanda a kan biro mai tsawon kusan santimita 15 da nauyin kusan giram 6, irin BIC Cristal da ya shiga kasuwa a 1950.

Sakamako: Mazauni

Hannu yana da ƙasusuwa 27, kuma 14 daga ciki a yatsu suke, uku-uku a kowane yatsa, biyu a babban yatsa. A 1956 John Napier ya kasa riƙon ɗan Adam gida biyu: riƙon ƙarfi, kamar na ƙotar fartanya, da riƙon ƙwarewa, kamar na allura. Na biyun aikin kan babban yatsa ne da manuni, na tsakiya yana tallafa musu. Duk abin da ya zauna a kan waɗannan ukun a hannun da ke aiki, ya shiga tsakiyar aikin.

Yatsu kuma ba su da 'yanci iri ɗaya. Gwajin Häger-Ross da Schieber na 2000 ya nuna cewa babban yatsa da manuni sun fi iya motsi su kaɗai, yayin da na tsakiya da mai bi masa suka fi jan maƙwabtansu. Wani ɓangare na dalilin a dantse yake: tsokar da ke lanƙwasa gaɓoɓin ƙarshe ta haɗa jijiyoyin na tsakiya, mai bi masa da ƙaramin yatsa a jiki ɗaya, ta manuni kuwa ta fi warewa. Saboda haka kaya a kan manuni yana tauye yatsan da ya fi kowanne amfani, kaya a kan mai bi wa na tsakiya kuma yana taɓa yatsu uku a lokaci guda.

Masu sana'a sun gano wannan tun kafin a auna shi. Likitan haƙori yakan sa ɗan zobe mai ƙoƙo ɗauke da man goge haƙora, ko mai soso da ake kafa ƙananan alluran tsaftace saiwar haƙori a jiki, kuma a hannun da ba ya riƙe da na'ura ake sa shi. Haka matashin allura mai zobe da maɗinka ke amfani da shi, haka zoben gam na masu dasa gashin ido. A duka ukun, hannu ɗaya ma'aji ne, ɗayan ma'aikaci, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce taƙi guda ba.

Misali mafi tsufa da masu karatu suka sani shi ne hatimi. Ya zo a ingantattun hadisai cewa lokacin da Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi nufin rubuta wa Rumawa wasiƙa, an shaida masa cewa ba sa karanta wasiƙar da ba ta da hatimi, sai ya riƙi zoben azurfa. Zoben ya koma hannun Abubakar, sannan Umar, sannan Usman, Allah ya ƙara musu yarda, har ya faɗa rijiyar Aris. Abin lura ga wannan nazari shi ne a ƙaramin yatsa ake sa shi. Imam Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya bayyana a sharhinsa na Sahihu Muslim cewa hikimar hakan ita ce wannan yatsa a gefe yake, nesa da abin da hannu ke taɓawa, kuma ba ya shagaltar da hannu daga ayyukansa. Wannan bayani ya dace tsaf da abin da gwajin Häger-Ross da Schieber ya nuna, kuma ya cancanci masu ƙera kaya su san da shi.

Za a iya cewa hular yatsa ta masu ɗinki ta karya wannan ƙa'ida, tunda a yatsan tsakiya na hannun da ke ɗinki ake sa ta, haka ma zoben tura allura na maɗinkan Japan da ke zama a gaɓar tsakiya ta wannan yatsa. Sai dai waɗannan ba ajiya suke yi ba, da su ake tura allurar, don haka wajibi ne su zauna inda ƙarfin turawa yake. Carbin lantarki da ya yaɗu a masallatai ma haka yake: yana kan manuni ne domin babban yatsa ya riƙa danna shi, kuma mai tasbihi ba ya wani aikin ƙwarewa da wannan hannu a lokacin. Ƙa'idar ta tsaya ke nan: kayan aiki yana zama inda aikin yake, ma'aji kuwa yana gusawa gefe.

A nan ne zoben biro da aka fi gani a kasuwa ya kauce. Ana sa shi a manunin hannun da ke rubutu, da nufin mutum ya saki biro ya danna kwamfuta ko waya, sannan ya juyo da shi ya ci gaba. Manufar mai kyau ce ga ma'aikacin jinya, mai ƙidayar kaya a sito ko malamin da ke duba takardun jarrabawa. Amma an mayar da yatsan da ya fi kowanne aiki ɗan dako. Abin da wannan nazari ya fifita shi ne mariƙin ajiya ya zauna a hannun da ba ya rubutu, a bayan gaɓar gindi, wato wadda ke kusa da tafi. Wannan gaɓa ita ce mafi kauri, tafiyarta ba ta kai ta kan yatsa ba idan hannu ya lanƙwasa, kuma zobe a nan bai rufe fatar kan yatsa ba, inda jin taɓawa ya fi ƙarfi.

Tsawo da Wurin Kamawa

Giram 6 ba nauyi ba ne, tsawon biro ne matsalar. A lissafin juyawar sanda, ƙarfin da ake bukata don juya sandar da aka kama a ƙarshenta ya ninka na wadda aka kama a tsakiya sau huɗu.  Mariƙin da ya kama biro kusa da baki yana barin sauran jikinsa yana lilo, yana bugun allon kwamfuta ko hannun riga. Wanda ya kama shi a tsakiya ya rage lilon, kuma gajeren biro ya fi dogo dacewa da yatsa. Allura, ƙusa da ƙananan noti ba su da wannan matsala, shi ya sa zobbansu suka karɓu ba gardama.

Haɗari

Jijiyoyin jini da na ji suna bin gefe biyu na kowane yatsa, kuma yatsu sukan kumbura da zafi, don haka zoben da ya yi daidai da sanyin safiya yana iya matsewa da azahar. Mafi muni shi ne zobe ya maƙale a ƙugiya ko inji ya saɓule fatar yatsa. Urbaniak da abokansa sun kasa wannan rauni mataki uku a 1981, na ƙarshe shi ne saɓulewar fata gaba ɗaya ko tsinkewar yatsa. Zobe mai ɗauke da biro ya fi zoben ado saurin maƙalewa, saboda haka ya kamata ya zama na roba mai taushi, buɗaɗɗe ta gefe ɗaya, wanda zai fita da kansa idan an fizge shi. Wannan sifa tana kuma sauƙaƙa cire shi lokacin alwala. A asibiti, ƙa'idojin tsaftar hannu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 ba su ƙarfafa sanya zobe yayin kula da majiyyata ba, domin ƙwayoyin cuta suna taruwa a ƙarƙashinsa.

Inda Mariƙin Aiki Ya Wajaba

Ƙa'idar gusawa gefe ba ta hau kan wanda yatsunsa ba sa kamawa. Mai rauni a lakar wuya, wanda ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki, da wanda kuturta ta lalata wa jijiyar hannu har yatsunsa suka ƙandare, duk suna bukatar biro ya zauna daidai inda riƙon ya ɓace. A nan ma zobe ɗaya kan gaza, domin biro yana juyawa a kansa. Masu koyar da nakasassu ayyukan yau da kullum sun fi dogara da ɗamarar tafi mai aljihu, wadda ake zura biro, cokali ko buroshin haƙori a ciki, motsi ya fito daga wuyan hannu da gwiwarsa. Duk baduku na iya ɗinka ta da guntun fata da maɗauri.

Iyakokin Binciken

Za a ce ba a gwada waɗannan zobba a hannun mutane a ɗakin gwaji ba, kuma gaskiya ne: hujjar ta tsaya a kan ƙirar hannu, lissafi da daɗaɗɗiyar al'adar masu sana'a, waɗanda suka haɗu a kan matsaya ɗaya. Shawarar sa mariƙi a ɗaya hannun ba ta aiki ga wanda wannan hannu ke riƙe da allon rubutu ko waya a koyaushe. Lissafin juyawa ya ɗauki biro a matsayin sanda mai nauyi bai ɗaya, alhali mai marfi ko maɓalli yakan rinjaya gefe guda. Alƙalamin kara da ake tsomawa a kurtun tawada bai shiga wannan nazari ba, domin bakinsa jiƙe yake, kuma ajiye shi a bayan yatsa zai ɓata hannu da takarda.