Sainte-Chapelle

Sainte-Chapelle ƙaramar majami'a ce mai salon ginin Gotik da ke tsibirin Cité, a tsakiyar birnin Faris na ƙasar Faransa. Ta yi suna ne saboda dogayen tagoginta na gilashi mai launi.

Tarihi

Sarki Louis na IX ne ya gina ta a cikin fadarsa domin ajiye kayayyaki masu tsarki na addinin Kirista, musamman rawanin ƙaya da Kiristoci suka yi imani an ɗora wa Yesu. An buɗe ta ranar 26 ga Afrilu, 1248. Kuɗin da sarkin ya kashe wajen sayen rawanin ya zarce na ginin kansa nesa ba kusa ba. Ta lalace a lokacin juyin juya halin Faransa, daga baya aka mayar da ita ma'ajiyar takardu, kafin a gyara ta a ƙarni na 19.

Tagogi

Ginin hawa biyu ne: na ƙasa na ma'aikatan fada, na sama kuma na sarki da iyalansa. A saman ne tagogi 15 suke, tsayinsu ya kai kimanin mita 15, ɗauke da hotuna 1,113, yawancinsu labaran Littafi Mai Tsarki. Kusan kashi biyu cikin uku na gilashin tun na ƙarni na 13 ne.

Ziyara

Da yake majami'ar tana cikin harabar kotun Faris, sai an binciki maziyarci kafin ya shiga. Wata ƙunƙuntar matakala mai murɗewa ce ke kaiwa sama. Launukan sun fi fitowa a ranar da babu hadari.