Wankin Ciki a Adar: Daga Filasko zuwa Na'urar Leƙen Hanji

Duk wanda ya tashi a Affala ko a ƙauyukan da ke arewa da birnin Tahoua ba ya buƙatar a koya masa ma'anar wankin ciki. Filasko yana tsira a fako da saura da zarar damina ta kankama, a tsinko ganyen a shanya, a daka, a jiƙa ko a dafa shi da tsamiya, a sha da dare, washegari kuma mutum ba ya nisa da gida. Al'ada ce tsohuwa, tana da ƙa'idojinta na ci da sha, kuma ta yi wa mutane aiki gwargwadon abin da suka nema a gare ta. Yanzu ga wani sabon wankin ciki ya shigo ta ƙofar asibiti, wanda likita ke sa mutum ya yi kafin a leƙa babban hanjinsa da na'ura, abin da ake kira kolonoskofi. Tushen biyun ɗaya ne, kuma wannan kusancin shi ne haɗarin: mutumin Adar yakan ɗauka ya riga ya san abin, alhali manufar ta sauya, kuma abincin da tsohuwar al'ada ta ɗauka mara nauyi shi ne daidai abin da sabuwar ke hanawa.

Adar mararraba ce tun asali. Tun bayan da Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammad al-Mubarak, ya karɓe ƙasar daga hannun Kabi wajen shekarar 1674, kamar yadda Djibo Hamani ya bi tarihin a littafinsa na 1975 kan Adar kafin zuwan Turawa, ayarin gishiri da kanwa da dabino suna gangarowa daga arewa, hatsi da tufafi suna haurawa daga kudu, littattafai kuma suna bin sawun malamai ta ko'ina. Filasko ya samu gata ta fuska biyu. 'Yan ganye da bokaye sun san shi tun kaka da kakanni, malamai kuma suka tarar da shi a littafi da sunan sana. Tirmizi da Ibn Majah sun ruwaito hadisin Asma'u bint Umais a kansa, Ibn Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya yi masa bayani a babin maganin Annabi, sannan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, ya rubuta risala a kan sana da wata a kan maganin basir. Ba kowane tsiro ne boka da malami suke haɗuwa a kansa babu jayayya ba. Lokacin da wani mai bincike mai suna Dalziel ya tattara sunayen tsirran Hausa a 1916 ya tarar da filasko a cikinsu, haka ma ayarin Adjanohoun da ya yi nazarin magungunan gargajiya na Nijar a 1980.

Makiyaya kuma suna da tasu hikimar. Kowane ƙarshen damina Buzaye da Fulani na Azawak da arewacin Adar suna kora dabbobi zuwa filayen Ingal da Tegidda-n-Tesum domin lasar gishiri, kuma sun san ruwan wurin yana sa dabba zawo na 'yan kwanaki kafin ta murmure. Wanda bai samu tafiya ba yakan ba garkensa kanwa a gida. Ba su kira abin da sunan kimiyya ba, amma sun gano gaskiyar da likitoci ke aiki da ita yau, cewa wasu gishirai suna riƙe ruwa a cikin hanji har ya kwaso abin da ke ciki ya fita da shi. Ke nan hanyoyi biyun da ake wanke hanji da su a asibiti, wato tsokanar hanji ya motsa da kuma cika shi da ruwa, duka suna da dangi a Adar: na farko filasko, na biyu kanwa.

Sai dai a dubi abin da tsohuwar al'ada take nema. A tunanin Bahaushe ciki shi ne tukunyar jiki, datti da maiƙo da zaƙi suna taruwa a cikinsa su haifar da shawara da basir da kasala, don haka ake sharewa lokaci-lokaci. Ma'aunin nasara shi ne sau nawa mutum ya zagaya, da kuma yadda ya ji jikinsa ya yi sakayau. Ƙa'idar abinci tana zuwa ne bayan an gama: a guji nama mai kitse da tuwo mai nauyi, a lallaɓa cikin da kunu ko koko ko hura mai ruwa-ruwa har ƙarfi ya dawo. Babu wanda ya damu da abin da aka ci kwana biyu kafin shan maganin, domin babu idon da zai shiga ya duba ko tsakin gero ya maƙale a wani lungu. Wannan ba aibi ba ne, al'adar ta amsa tambayar da aka yi mata.

Tambayar ta sauya ne a 1969, lokacin da likitoci biyu, William Wolff da Hiromi Shinya, a asibitin Beth Israel na New York a Amurka, suka fara zura bututu mai lanƙwasa mai fitila har ƙarshen babban hanji, wanda tsawonsa ya kai kimanin mita 1.5, suka kuma ƙirƙiro zaren ƙarfe na tsinke ƙananan tsiro da ke fitowa a bangon hanji kafin su rikiɗe su zama sankara. Daga nan ma'aunin wankin ciki ya koma abin da idon likita zai iya gani. Su ma likitocin ba su dace da hanya nan take ba. Da farko kwanaki ake yi ana shan ruwa-ruwa zalla, a haɗa da man zurma ko sana, wato dangin filaskon nan namu, sannan a yi ta ɗura ruwa ta dubura. An gwada wani nau'in sukari mai suna manitol, sai aka gano ƙwayoyin hanji suna mayar da shi iska mai kamawa da wuta, har aka samu fashewa lokacin ƙona tsiro da lantarki, aka bar shi. A 1980 ne ayarin John Fordtran a Dallas ya fito da ruwan polietilin gilaikol, wanda ake sha kimanin lita 4, yana ratsa hanji ba tare da jiki ya tsotse shi ba kuma ba tare da ya kwashe gishirin jiki ba. Shi ne ake sayarwa a ƙasashen da ke amfani da Faransanci da sunaye irin su Fortrans, ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa, kuma yanzu an fi so a raba shi biyu, rabi da yamma, rabi da sassafen ranar aikin.

A nan ne tukunyar Adar da takardar likita suke karo. Abin da ake so a kwana ɗaya zuwa uku kafin aikin, gwargwadon umarnin likita, shi ne abincin da ba ya barin saura a hanji. To kusan duk abin da ya raya Adar yana barin saura. Hura ta gero ce da tsakinta, wake yana da ɓawo, miyar kuka da kuɓewa da kwaɗon zogale da tafasa duk ganye ne da zare, riɗi da 'ya'yan tumatir da na kankana ƙanana ne masu maƙalewa har su toshe bututun na'urar, dabino da gyaɗa da albasar Galmi ma suna cikin jerin. Abin da ya rage shi ne farar shinkafa, taliya, farin burodi, dafaffen ƙwai, tsokar kaza ko kifin Tabalak ba tare da ganye da kayan yaji ba. Matan Adar ba baƙi ba ne ga wannan aiki, domin wadda ta iya surfe da bakace da tace gasara ta san yadda ake raba hatsi da dusarsa, kuma tataccen koko ya fi hura kusa da abin da ake nema a waɗannan kwanaki. Amma da an fara shan maganin, ko koko ba shi da wuri. Idan likita ya ce ruwa-ruwa, Bahaushe yakan ji kunu da hura da nono, shi kuwa likita yana nufin abin da idan an zuba a kofin gilashi za a hango gindin kofin: ruwa, shayi ba madara, tataccen romo mara kitse. Zoɓo kuma, duk da ana hango gindinsa, ana barinsa saboda jansa yana kama da jini a bangon hanji. Kalma ɗaya ce, wato ruwa-ruwa, ke ɗauke da ma'ana biyu, kuma tana iya lalata aikin gaba ɗaya.

Wani zai ce, tunda sana na cikin magungunan da likitoci suka yi amfani da su, me zai hana talaka ya jiƙa filaskonsa a gida ya huta da kuɗin kantin magani? Hujjar tana da ƙarfi, domin kuɗin ba ƙarami ba ne ga manomin gero. Amma filasko tura hanji yake yi, ba ya ɗauraye shi. Sinadarinsa sai ya isa babban hanji ƙwayoyin ciki suka narka shi sannan ya fara aiki, bayan awa 6 zuwa 12, kuma ƙarfinsa yana bambanta daga tsiro zuwa tsiro, ba wanda zai iya cewa tafin hannu ɗaya nawa ya ƙunsa. Zawo mara ma'auni a zafin Afrilu na Tahoua yana iya kayar da dattijo ko mai ciwon ƙoda. Kanwa ta fi haɗari, tunda ba a san yawan gishirin da ke cikin kowane dunƙule ba. Akwai ma abin da masu yawan shan filasko ya kamata su sani: idan an daɗe ana sha, bangon hanji yakan yi duhu, likita yana gani da na'urar, don haka gara a gaya masa tun farko.

Wani kuma zai ce mu da muke azumin wata guda, wuni ɗaya ba ci ai ya isa ya bar hanji fayau. Azumi da wannan shiri hannun riga ne. Mai azumi yana barin ruwa, hanjinsa ya bushe, abin da ke ciki ya ƙara daskarewa, shi kuwa mai shiri ana so ya yi ta kwankwaɗa har abin da ke fita ya zama ruwa garau mai ɗan rawaya, sai awa 2 kafin aikin ya tsaya. Ƙorafi na uku ya fi ba ni tausayi, domin gaskiya ne: likitocin nan su ne ke cewa gero da wake da ganye sun fi farar shinkafa amfani, har suna rage haɗarin sankarar hanji, yanzu kuma su ce a bar su. Babu saɓani. Hani ne na kwana ɗaya zuwa uku domin ido ya gani, bayan haka a koma wa hura da kuka da zogale, waɗanda ba abin da ya kai su. Masu ciwon sukari, da masu shan ƙwayar ƙarin jini ko maganin tsinka jini, su kam sai sun tambayi likita kwanaki kafin lokacin, domin ƙwayar ƙarin jini tana baƙanta hanji kuma akan dakatar da ita wajen mako guda.

Daga Tahoua zuwa Yamai tafiyar kusan kilomita 550 ce. Mutumin Affala da aka tura can domin kolonoskofi ya sayar da tunkiya ko buhun hatsi, ya biya mota da masauki, kuma idan hanjin bai wanku ba sai a ce ya sake dawowa, ko kuma, wanda ya fi muni, ƙaramin tsiro ya ɓuya a bayan ɓawon wake ba a gan shi ba. Takardar shiri da aka rubuta da Faransanci, mai lissafa abincin da ba a dafawa a Adar, ba za ta hana wannan ba. Ina kira ga likitoci da ma'aikatan jinya na jihar Tahoua su rubuta ta da Hausa da Tamashek, da boko da ajami, su ambaci hura da kunu da koko da zoɓo da sunayensu, su faɗi ranar da za a daina kowanne. Kai kuma da aka ba ka rana, kada ka bar gaban likita sai ka lissafa masa abin da ake dafawa a gidanka ɗaya bayan ɗaya, ya ce maka wanne za ka ci, wanne za ka bari.