Harsashin Ƙaramar Bindiga da Tatsuniyar Kayar da Mutum Nan Take

Imanin cewa babban harsashi yana kayar da mutum nan take ya yi ƙarfi ne lokacin yaƙin da Amurka ta yi da al'ummar Moro a kudancin Filifin, a farkon ƙarni na 20. Sojoji sun yi ta ƙorafin cewa harsashin .38 ba ya tsayar da mayaƙin da ya rugo da takobi. A 1904 aka ɗora wa hafsoshin sojan Amurka biyu, John Thompson da Louis LaGarde, gwajin harsasai. Suka harbi shanu masu rai a mayankar Shikago, suka kuma harbi gawarwakin da aka rataye, suna kallon yadda suke lilo. Gwajin ba shi da tsari sosai, amma shawararsu ta share hanya ga bindigar M1911 mai harsashin .45.

A haƙiƙa, turin da harsashi ke yi wa jiki bai wuce wanda bindigar ke yi wa hannun mai harbi ba. Musayar wuta a Miyami a 1986, inda jami'ai biyu na hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, suka mutu, ta nuna cewa abin lura shi ne inda harsashi ya samu da zurfin shigarsa. Daga nan hukumar ta gindaya zurfin inci 12 zuwa 18 a gwajinta na harsasai, daga baya ma ta koma amfani da harsashin 9mm, wanda bai kai .45 girma ba.

Nisa kuwa saiti yake lalatawa. Bayan mita 50 da wuya a samu abin da aka auna da ƙaramar bindiga, amma harsashin na iya tafiya fiye da kilomita guda, ya kuma kashe wanda ya faɗa wa.