Italiyancin tikitin mota da jirgin ƙasa: abin da matafiyi ya kamata ya sani

Wanda ya saba shiga mota daga Agye ko Gazawa zuwa Maraɗi, ko daga Gidan Rumji, ya san yadda ake yi: ka zauna, yaron mota ya karɓi kuɗi. A Italiya, inda ɗalibanmu da ƴan kasuwa da masu neman aiki suke zuwa, tsarin daban ne. Sayen tikiti kaɗai bai isa ba, sai an buga masa tambari a na'ura. Wanda bai buga ba, hukuncinsa ɗaya da wanda bai saya ba.

Sunan tikiti biglietto, ana faɗinsa "bilyetto". Wanda ya yi lakwal zai ji kamarsa da billet na Faransanci. Bahaushe ma yana da sauƙi biyu: harafin c kafin e ko i ana faɗinsa kamar c na "ciki", kuma baƙi mai ninki ana ninka shi sosai, kamar a "hannu". Amma ch kamar k yake.

Tikitin bas na cikin gari galibi ana sayensa a tabaccheria (tabakkeriya), shagon taba mai babban harafin T a ƙofa, ko wurin mai jarida, ko a na'urar tashar metro. Tambayar ita ce: Scusi, dove si compra il biglietto? wato "Gafara dai, ina ake sayen tikiti?" Quanto costa? "Nawa ne?" Un biglietto, per favore, "Tikiti ɗaya, don Allah." A Roma tikitin BIT na kamfanin ATAC yana aiki minti 100 daga lokacin da aka buga shi, amma shiga metro sau ɗaya tak. A Milano, na kamfanin ATM minti 90 ne, kuma tun Janairun 2023 ya koma yuro 2,20, kusan sefa 1.450.

Kalmar da ta fi kowace muhimmanci ita ce convalidare, wasu su ce timbrare: buga tambari. A bas, na'urar tana ciki, ana bugawa da zarar an shiga. A jirgin regionale na Trenitalia kuwa, tikitin takarda a tasha ake buga shi, kafin a hau. Jirgi mai sauri irin Frecciarossa, da yake akwai lambar kujera da lokaci a tikitin, ba ya buƙata. In ana shakka sai a nuna tikitin a ce: Devo convalidarlo? "Sai na buga masa?" In na'ura ta ƙi, a gaya wa direba ko capotreno, shugaban jirgi, nan take: La macchinetta non funziona. Kada a jira mai bincike ya zo, don a lokacin ba a cika saurarar uzuri ba.

Mai binciken, controllore, yakan ce Biglietti, prego. Tara ita ce multa, kuma a Roma ta haura yuro 50, sama da jika 32 ke nan. Wajen rubuta ta zai nemi documento, takardar shaida. In magana ta yi sauri: Non ho capito, può ripetere? "Ban gane ba, a maimaita."

A tashar jirgi, solo andata tafiya kawai, andata e ritorno zuwa da dawowa. Binario shi ne layin da jirgi zai tsaya: Da quale binario parte? Ritardo jinkiri. Fermata wurin tsayawar bas, in cunkoso ya tare ƙofa, Permesso, scendo, "A ba ni hanya, zan sauka." Mai zaman wata da watanni abbonamento ya fi masa araha. In aka ga sciopero (shopero) a allo, yajin aiki ne, amma doka ta tilasta a bar wasu motoci da jirage suna aiki da safe da kuma yamma.