Littafin Lambun Monticello: Tarihin Tsara Fangali da Ajiye Lissafin Shuka

Monticello sunan gida ne da gandu da ke kan wani ɗan tsauni kusa da garin Charlottesville a jihar Virginia ta Amurka. Mai gidan shi ne Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, wanda ya yi mulki daga 1801 zuwa 1809. A wajen masu nazarin tarihin noma, sunan wurin ya fi tafiya da lambun kayan miya da ke gefen tsaunin, da kuma littafin da mai gidan ya yi ta rubuta labarin lambun a ciki daga 1766 har zuwa 1824. Da wuya a sami wani lambu na wancan zamani da aka san abin da aka shuka a cikinsa, da ranar da aka shuka, da fangalin da aka zuba shi, da yadda ya ƙare, kamar yadda aka san na Monticello.

Jefferson ya buɗe littafin yana ɗan shekara 22, tun yana zaune a Shadwell, gidan da aka haife shi, kafin ya tare a kan tsaunin. Rubutun farko, daga watan Maris 1766, ranakun da furanni suka buɗe ne kawai. Da shekara ta zagayo sai kayan ci suka shigo, kuma nan da nan halin mai littafin ya bayyana. Ya rubuta cewa ya shuka koren waken Turawa, wanda ake kira fis, ranar 20 ga Fabrairu 1767, an kuma kai shi kan teburin cin abinci ranar 24 ga Afrilu. Bai tsaya nan ba, sai da ya auna ƙwayoyin, ya lissafa cewa kimanin 2,500 ne ke cika ɗan ma'aunin da bai kai rabin lita sosai ba. Abin kamar wasa, amma da shi mai lambu zai san yawan irin da layi ɗaya zai ci, da yawan wanda zai ajiye don baɗi. Mutumin ma'abocin awo ne tun asali. Ko a ranar 4 ga Yuli 1776, ranar da aka amince da takardar ayyana 'yancin Amurka da shi ya tsara, sai da ya rubuta yanayin zafin garin Philadelphia a ɗan littafinsa.

A 1774 ya fara yanka lambu a gefen kudu na tsaunin. A shekarar ne sunayen kayan lambu da harshen Italiyanci suka cika shafukan, domin wani maƙwabcinsa ɗan Italiya, Philip Mazzei, ya zo da iri daga ƙasarsu ya ba shi. Kowane layi aka kafa masa ɗan tsinke mai lamba, lambar kuma aka shigar da ita littafi, don kada iri ya ɓace wa mai shi bayan ya tsiro. Daga nan littafin ya yi ta samun giɓi. Jefferson ya yi zaman Faransa daga 1784 zuwa 1789, ya dawo ya riƙe muƙamai ɗaya bayan ɗaya, sai rubutun ya koma na jefi-jefi. Duk da haka bai saki al'adar ba. A shekaru takwas da ya yi yana shugabanci, ya tsara jadawalin kayan lambu iri 37 da ake sayarwa a kasuwar Washington, yana nuna lokacin da kowanne ke fara shigowa kasuwa da lokacin da yake ɗaukewa.

Babban aikin lambun an yi shi ne a ƙarshen mulkinsa, daga wajen 1806 zuwa 1809, yana aiko da umarni ta wasiƙa zuwa ga wakilin gandun, Edmund Bacon. Gangaren tsauni ba ya riƙe fangali, don haka aka sare gefensa aka baje shi ya zama dandali mai tsawon ƙafa 1,000, wato kusan mita 300, da faɗin ƙafa 80. Aka gina katangar dutse ta tokare ƙasar daga ƙasa, wadda a wani wurin tsayinta ya kai ƙafa 12. Bayi ne suka yi wannan aiki da diga da shebur da keken alfadari, har da waɗanda aka yi hayarsu daga wani gandu. Aka kuma zagaye lambun da gonar 'ya'yan itace da ke ƙasansa da shingen katako mai tsayin ƙafa 10, aka matse katakon sosai don ko ɗan zomo kada ya sami kafar shiga. Zaɓen wurin ya nuna sanin ƙasa. Dandalin yana fuskantar kudu maso gabas, rana tana dukansa tun da safe, iska mai sanyi kuma tana gangarawa kwari ta bar shi. Saboda haka ana iya shuka da wuri bayan hunturu, amfanin kuma ya daɗe kafin sanyi ya kashe shi.

Da ya yi ritaya a 1809 ne littafin ya ɗauki siffar da aka fi saninsa da ita. Kowace shekara sai ya ja layuka a shafi, ya yi gidaje: sunan abin da aka shuka, wurin da aka zuba shi, ranar shuka, ranar dashe, ranar da ya fara zuwa tebur, ranar da ya ƙare, ranar da aka tara iri, sai gidan ƙarshe na abin da aka lura da shi. Kowane gida da tambayar da yake amsawa. Tazarar da ke tsakanin ranar shuka da ranar zuwa tebur ita ce ke nuna kwanakin da iri yake ɗauka a wannan ƙasa da wannan yanayi, ba a bakin mai sayar da iri ba. Tazarar da ke tsakanin zuwa tebur da ƙarewa tana nuna tsawon lokacin da gida zai ci, daga nan a san ranar da ya kamata a sake zuba wani don kada a sami yankewa. Gidan wuri kuwa shi ne ke hana a maimaita abu ɗaya a fangali ɗaya shekara da shekaru. Jefferson ya san illar haka tun daga gonakinsa, inda noman taba da masara ba hutu ya tsotse ƙasar, har ya tsara juyin shuka na shekara bakwai a cikin shekarun 1790.

A 1812 ya raba dandalin zuwa fangali 24, ya jera su bisa abin da ake ci a jikin shuka: masu 'ya'ya kamar tumatir da wake da kokwamba a gefe guda, masu saiwa kamar karas a wani, masu ganye kamar latas da kabeji a nasu. A takarda tsarin ya yi kyau, amma shafukan shekarun da suka biyo baya sun nuna ba a bi shi sau da ƙafa ba. Wani lokaci abin da ya samu shi ake zubawa inda aka sami fili. Wata dabara da ya riƙe ita ce ta shuka kaɗan-kaɗan a kai a kai. Ya ba da shawarar a zuba ɗan irin latas, cikin hular yatsa da maɗinka ke sawa, kowace Litinin daga farkon Fabrairu zuwa farkon Satumba, don kullum a sami sabon ganye. Fis kuwa shi ne ɗan gatan lambun. Akwai gasa tsakaninsa da maƙwabta, wanda wakensa ya riga nuna shi ke kiran sauran walima, kuma yawanci wani maƙwabci mai suna George Divers ne ke yin nasara.

Abin da ya fi ba littafin daraja shi ne mai shi bai ɓoye asara ba. A shafin 1809 kalmar da ke nufin abu bai yi ba ta fito sau da dama, layi bayan layi. Wani iri bai tsiro ba, wani fari ya ƙone shi, wani ƙwari suka cinye. Mai lambun da ke rubuta nasara kaɗai yakan sake sayen irin da ya cuce shi bara, don zuciya ba ta riƙe abin da bai yi daɗi ba. A kan ƙwari ma yana da ra'ayinsa. Da 'yarsa Martha ta rubuto masa a 1793 tana kukan ɓarnar da suka yi, sai ya amsa cewa ramar ƙasa ce ta raunana shukar har ƙwari suka sami galaba, maganin kuma shi ne a lafta wa lambun taki a hunturu.

Jimillar abin da ya gwada ta kai kimanin nau'i 330 na kayan lambu. Iri yana zuwa masa ta hanyoyi da yawa: daga Bernard McMahon, mai sayar da iri a Philadelphia wanda littafinsa na 1806 ya zama jagorar Jefferson, daga André Thouin na lambun tsirrai na birnin Paris, da kuma daga tafiyar Lewis da Clark zuwa yammacin nahiyar, wadda ta kawo wake da masara na ƙabilun Arikara da Mandan. Akwai kuma amfanin da duk mai karatu a Afirka ta Yamma zai gane: kuɓewa, da wake, da riɗi. Waɗannan sun ƙetara teku ne a zamanin cinikin bayi. Jefferson da kansa ya rubuta cewa 'yan Afirka ne suka kawo riɗi jihar Georgia, ya kuma yi shekaru yana noma shi da burin samun man da zai maye gurbin man zaitun.

A nan ne littafin ke da babban giɓi. Yana faɗin abin da aka shuka da ranar, ba kasafai yake faɗin hannun da ya shuka ba. Jefferson ya mallaki bayi fiye da 600 a tsawon rayuwarsa, kuma su ne suka haƙa, suka yi dashe, suka yi ban ruwa, suka cire ciyawa. Sunayensu sun fi fitowa a wani littafin nasa daban, na gandu, inda aka jera su tare da rabon tufafi da abinci. Daga cikinsu an san Wormley Hughes, babban mai kula da lambu, da wani da ake kira John mai lambu, da Goliah, wanda ya jagoranci tsofaffin bayi a aikin fangali. Isaac Granger, wanda ya tashi cikin bauta a gidan, ya ba da labarin cewa maigidan yakan taɓa aikin lambu na kamar rabin awa da sanyin yamma. Bayin ma suna da nasu 'yan lambunan a bayan ɗakunansu, suna nomawa da dare da ranar Lahadi. Littafin cefane da jikar Jefferson, Anne Cary Randolph, ta riƙe daga 1805 zuwa 1808 ya nuna gidan yana sayen kabeji da kokwamba da ƙwai da kaji daga hannunsu. Wato lambun maigida bai wadatar da teburinsa ba, sai an haɗa da na waɗanda ba su da littafi.

Rubutun ƙarshe na 1824 ne. Jefferson ya rasu ranar 4 ga Yuli 1826 da bashin da ya haura dala 100,000 a kansa. A Janairun 1827 aka fara gwanjon kayan gidan da bayi kimanin 130. Wormley Hughes, wanda ya haƙa kabarin maigidan, an bar shi ya tafi, amma aka sayar da matarsa da 'ya'yansa. Lambun ya koma saura, katangar ta zube, ɗan ɗakin hutawa da ke bakinta ya rushe.

Littafin dai ya tsira, yana ajiye a Ƙungiyar Tarihi ta Massachusetts da ke Boston, kuma a 1944 Edwin Morris Betts ya buga shi tare da sharhi da wasiƙun da suka shafe shi. Gidauniyar da ta sayi Monticello a 1923 ta fara maido da lambun a 1979. Masu tonon kayan tarihi ƙarƙashin William Kelso suka gano tushen katangar da ramukan turakun shinge, abubuwan da rubutu bai fayyace wurinsu ba. Shugaban lambuna na lokacin, Peter Hatch, ya bi shafukan ya nemo nau'o'in da aka ambata. Wasu an same su a hannun masu adana tsohon iri, wasu sun ɓace, sai aka sa makusantansu na ƙarni na 19 a gurbinsu. An sake gina ɗakin hutawar a 1984, kuma a 1987 hukumar UNESCO ta sa Monticello cikin wuraren tarihi na duniya. A yau ana noma dandalin bisa tsarin fangali 24 na 1812, ana barin wasu layuka su ƙosa don tara iri, wanda ake sayar wa masu lambu a sassan Amurka.