Yaye da Rainon Yara a Goshin Damina: Jiya da Yau a Ƙasar Madachi

Duk lokacin da aka tashi ba da tarihin ƙasar Rano, akan fara ne da matsayinta cikin Hausa Bakwai, da sarakunanta, da duwatsunta, da sana'ar rini wadda ta sa ake kiran Kano da Rano sarakunan baba. Amma akwai wani tarihin da ba a cika rubutawa ba, alhali da shi ne gari ke ɗorewa, wato yadda iyayenmu mata suka riƙa tsallakar da ƙananan yara daga zafin bazara zuwa tsakiyar damina.

Manomi ya san cewa daga watan Afrilu zuwa Yuni babu zama. Ana sharar gona, ana kai taki a kan jakuna, wasu su yi binne, sauran su jira ruwan shuka. A zamanin gandu, da zarar ruwa ya sauka maigida da ƙannensa da 'ya'yansa sun yi gona, mata kuwa ga daka, ga ɗebo ruwa, ga dafa abincin da za a kai wa manoma. A daidai wannan lokaci ne kuma rumbu ke yin ƙasa, hatsi ya yi tsada a kasuwa. To, a tsakiyar wannan hada-hada ne yaron da ya bar rarrafe ya fara tatata yake neman mai kula da shi.

Magabata ba su bar wannan al'amari kara zube ba. Uwa takan shayar da ɗanta kusan shekara biyu, kamar yadda addini ya kwaɗaitar, kuma abin kunya ne a ce mace ta yi kwanika, wato ta sami ciki tana goyo. Idan lokacin yaye ya yi, sai a karɓo rubutu wurin malam, a ɗauki yaro a kai shi gidan kakarsa ko gwaggonsa, ya kwana biyu can har ya manta da nono. Kaka ce za ta dama masa kunu, ta tauna masa ƙuli-ƙuli, ta ba shi fura da nono, ta goya shi idan ya yi rigimar dare. Sau da yawa daga yaye ake zarcewa riƙo, musamman ga ɗan fari, wanda uwarsa ko sunansa ba ta faɗa saboda alkunya. Wanda ke son ganin hoton wannan rayuwa ya nemi littafin tarihin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954.

Daji ma yana da nasa taimakon. A bazara ɗorawa ke nuna, yara su sha garinta, ga mangwaro ko'ina. Ruwa na sauka tafasa da rama su tsiro, a haɗa da zogale a yi kwaɗo, kaɗanya kuma ta fara zubar da 'ya'ya. Da waɗannan ne gidaje da yawa ke cike giɓin rumbu kafin gero ya nuna.

Sai dai kada son jiya ya rufe mana ido. Wannan lokaci shi ne ya fi kowane cin yara. Ƙyanda da sanƙarau sukan zo da zafi, gudawa ta biyo ruwan farko da ke wanke ƙazanta zuwa rijiyoyi da kududdufai, a ce haƙori ne, zazzaɓin cizon sauro kuma ya rufa baya. Da wuya a sami tsohuwa a garin nan wadda ba ta binne ɗa ko jika ba. Hikimar hana kwanika ta fito fili a 1935, lokacin da wata likita mai suna Cicely Williams, wadda ta yi aiki a ƙasar da ake kira Ghana a yau, ta bayyana cutar kwashoko da sunan da mutanen can ke kiranta, wato ciwon yaron da ƙane ya ture daga nono.

Sauyi ya zo daki-daki. Mu da aka haifa a farkon shekarun 1960 muna ɗauke da tabon lamba a damtsenmu, shaidar yaƙin da aka yi da agana, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ƙarewarta a 1980. Bayan farin 1973, an kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, noman rani ya bunƙasa a Kadawa da Kura da Bunkure, magidanta suka sami abin yi kusa da gida maimakon tafiya cin rani. A 1976 shirin ilimin firamare kyauta ya buɗe wa 'yan mata ƙofar aji. Alheri ne babba, amma ya ɗauke 'yan raino daga tsakar gida, shi ya sa mu malamai muka sha ganin ɗaliba ta zo aji da ƙaninta a baya.

Ba mu manta da annobar sanƙarau ta 1996 ba, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Haka kuma mun ga yadda aka dakatar da riga-kafin shan inna a Jihar Kano a 2003, aka dawo da shi a 2004, har aka kai 2020 da aka tabbatar da kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka. A 2012 kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro wata-wata a cikin damina.

Yau gandu ya watse a gidaje da dama, ango da amarya na tarewa su kaɗai, kaka na nesa. Mun sami allura da gidan sauro da ruwan gishiri da sukari, waɗanda iyayenmu ba su samu ba, amma hannuwan da ke karɓar yaro idan uwa ta gaji sun ragu, tazarar haihuwa ma ta fara gajarcewa. Saboda haka muna kira ga magidanta da su ware hatsi da gyaɗa da waken yara tun da kaka, kafin a kai saura kasuwa, su gyara bakin rijiya kafin ruwa ya sauka, su kuma tabbata katin riga-kafi ya cika. Matasanmu kuma kada su raina shawarar tsofaffi, domin da tsohuwar zuma ake magani.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka raine mu cikin wahala, Ya raya mana zuriya, Ya ba mu damina mai albarka, amin.