Yadda ake gyara kuskuren da aka yi a tsohuwar takardar neman shiga Amurka

Mutane da dama kan gano, bayan shekaru, cewa akwai kuskure a fom ɗin da suka taɓa cikewa na neman biza ko izinin zama a Amurka: ranar haihuwa da aka rubuta ba daidai ba, auren da ba a ambata ba, ko amsar "a'a" ga tambayar ko an taɓa hana su biza. Bayanan ba sa ɓacewa, domin jami'ai na kwatanta sabuwar takarda da tsofaffin da ke rumbunsu.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 212(a)(6)(C)(i) na Dokar Shige da Fice da Zama Ɗan Ƙasa ta 1952 ya haramta shiga Amurka har abada ga wanda ya nemi biza ko wani izini ta hanyar zamba ko ƙaryar ganganci. Kafin hukuncin ya hau kan mutum, sai bayanin ya kasance ƙarya, an faɗe shi da sani, kuma yana da nauyi. A shari'ar Kungys ta 1988, Kotun Ƙolin Amurka ta bayyana cewa bayani mai nauyi shi ne wanda ka iya yin tasiri a kan shawarar jami'in da ke yanke hukunci. Saboda haka mantuwa ko tuntuɓen alƙalami ba zamba ba ne. Haɗarin yana zuwa ne idan mutum ya gano kuskuren, sannan ya maimaita shi don sabuwar takarda ta yi daidai da tsohuwa. Daga nan ya zama ganganci.

Matakan gyara

Mataki na farko shi ne sanin ainihin abin da aka rubuta. Wanda ke da fayil a hukumar USCIS na iya neman kwafinsa ta intanet a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai.

Fom ɗin DS-160 na bizar ziyara ko karatu ba ya gyaruwa bayan an tura shi. Idan ba a kai ga ganawa ba, a cike sabo, a kuma tabbatar lambarsa ta dace da wadda ke jikin takardar ranar ganawa a ofishin jakadanci na Abuja ko ƙaramin ofishi na Legas. Idan kuskuren na tsohuwar takarda ne da aka riga aka yanke wa hukunci, a rubuta gaskiya a sabuwar, sannan a sanar da jami'in biza bambancin tun kafin ya tambaya.

Wanda takardarsa ke gaban USCIS zai aika wasiƙa mai sa hannu zuwa ofishin da ke duba ta, ɗauke da lambar rasit, bayanin kuskuren da hujja, kamar takardar haihuwa, ta aure ko ta saki. A ganawar neman katin zama na dindindin ko zama ɗan ƙasa, jami'i kan bi fom ɗin tare da mai nema bayan rantsuwa, kuma ana shigar da gyara a lokacin. Idan kuskuren a jikin katin yake, fom ɗin I-90 ake cikewa, kuma babu kuɗin biya in laifin hukumar ne.

Lokaci na da muhimmanci. Ƙa'idar Amurka na karɓar janye maganar ƙarya idan mutum ya yi hakan da kansa a damar farko, kafin jami'i ya bankaɗo ta.

Idan dillali ne ya cike fom

Wanda ya sa hannu shi ke ɗaukar alhakin abin da ke ciki. Cewa mai shagon intanet ne ya cike ba ta cika wanke mutum ba, musamman idan ya san abin da aka rubuta. Fom ɗin DS-160 ma yana tambayar ko wani ya taimaka wajen cike shi, kuma wajibi ne a amsa gaskiya.

Idan an riga an yanke hukuncin zamba

Mai neman zama na dindindin na iya neman afuwa da fom ɗin I-601, amma sai ya nuna cewa mijinsa, matarsa ko mahaifinsa ko mahaifiyarsa, ɗan ƙasa ko mai katin zama, zai shiga matsanancin hali. Wahalar 'ya'ya kaɗai ba ta isa ba. Mai neman bizar wucin gadi kuwa yana da ƙofar sashe na 212(d)(3), inda jami'in biza ke ba da shawara, hukumar kula da iyakoki ta yanke hukunci.

Idan kuskuren ya shafi aure, tarihin kamu ko hana biza a baya, ya kamata a tuntuɓi lauyan shige da fice mai lasisin aiki a Amurka kafin a aika kowace wasiƙa, domin duk abin da aka rubuta zai zauna a fayil.